Sai Layi Ya Ƙare

A ƙauyen Kwarin Ɗinya akwai wani gida mai ƙofar langa-langa, mutum uku ne a cikinsa. Akwai Inna Tabawa mai daddawa. Akwai autarta Rumasa'u, wadda ta karanta kwamfuta a jami'a, ta gama bautar ƙasa, ta dawo gida kanta cike da dabaru, aiki kuwa shiru. Sai Sallau, yayan Rumasa'u, ƙato mai farar zuciya, wanda Allah ya yi shi ba ya jin magana sai yadda aka faɗe ta. In ka ce ya sa maka ido a kan miya, za ka dawo ka same shi ya kifa fuska cikin tururi, hawaye na zuba, bai ko ƙifta ba.

Da su huɗu ne. Babban wansu Nafi'u direban tirela ne, ya rasu a hanyar Lakwaja. Cikin kayan da aka kawo gida har da wata 'yar na'urar gem ta hannu da ya sayo gwanjo a Ikko, mai kyamara da abin ɗaukar murya. In ya tsaya hutawa a hanya ya gaji da wasan tseren mota, sai ya ɗauki kansa yana zolayar mutanen gida, in ya dawo ya kunna musu a yi ta dariya. Bayan rasuwarsa, kullum da hantsi sai an kunna wa Inna wanda yake cewa, "Inna, yau na ci amala a Ibadan, wallahi ko ƙafar miyarki ba ta kama ba." Sannan take iya fita da tallarta.

Sai na'urar ta fara ciwo. Ana cikin saurare ta ɗauke ɗif, Nafi'u bai ƙarasa magana ba. Daga nan tallar daddawar Inna ta fara kwana a gida.

Rumasa'u ta duba ta, ta yi 'yan bincike-bincikenta a waya, ta tafa hannu. "Na gano! Ƙwaƙwalwar cikinta ce ta ruɗe. Zan kwafe komai in zuba a katin memori, in shirya katin yadda za ta ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta ainihi. Kamar a yi mata ɗaki na biyu ne ta tare. In ta tare, sai a wanke na cikin tas."

"Muryar fa?" in ji Inna.

"Ko tari ɗaya ba zai ɓata ba, Inna."

Sallau ya miƙe ya bugi ƙirji. Duk garin nan Nafi'u ne kaɗai bai taɓa ce masa wawa ba. Ya rantse ko da ƙafa za a je Ikko, shi sai na'urar ta warke.

Wata rana, wato washegari, Rumasa'u ta fito alwala ta tarar da tsakar gida ta zama wurin kwaɓa. Sallau ya haƙo jar ƙasa, ya tattake ta da ciyawa, ya tayar da wani ɗan gini jikin rumbu, tsayinsa iya gwiwa, har da taga.

"Yaya Sallau, wannan fa?"

"Ɗaki na biyu. Saura daɓe ta tare."

"A cikin kati na ce!"

"Na duba katin, Rumasa'u. Ko tubali ɗaya ba zai shiga ba."

Tana cikin yi masa bayani kazar Inna ta leƙa ɗakin, ta ga ya yi mata, ta shige ta kwanta. Sallau ya durƙusa yana ba ta haƙuri, wai ɗakin da mai shi.

Wata rana Rumasa'u tana zaune da kwamfutarta a kan tabarma, tana magana rabi da kanta rabi da shi. "Matsalar ita ce, in aka kunna ta kai tsaye take faɗawa tsohon ɗaki. Dole in sa mata mai tashe namu na kanmu, wanda zai riga kowa farkawa ya nuna mata hanyar kati." Wata 'yar manhaja take nufi, wadda ke fara aiki da zarar an danna makunni. Sallau kuwa kalma biyu ya riƙe: mai tashe. Ya zura takalmi ya fice.

Rana tsaka sai ga shi da Baba Ɗan'auta, tsohon da ke kaɗa ganga yana tashin mutane sahur in azumi ya zo. Sallau ya ajiye na'urar a kan turmi ya ce, "Bismilla, Baba. Barcinta da nauyi." Tsoho ya gyara rataya ya saki kiɗa, yana kiran a tashi a tashi. Kafin a ce mene ne wannan, matan unguwa sun cika ƙofar gida. Wata na tambaya yaushe aka ga wata ba ta ji ba, wata ta ajiye ƙwaryar furarta tana salati, wai ta sha da rana.

"Ta tashi?" in ji Baba Ɗan'auta yana haki.

Sallau ya kara kunne. "Ƙara dai kaɗan."

Da daddawa ƙulli guda Inna ta sallami tsohon. Rumasa'u ta rufe fuska da mayafi, ba a san dariya take ko kuka ba. Amma a yammacin nan ta sa nata mai tashen, ya kuma zauna daram.

Wata rana ta ja masa kunne. "Yaya, don girman Allah kada ka danna komai in ba na nan. Kuskure kaɗan, sai ta zama bulo." Haka masu wannan sana'a ke cewa in na'ura ta mutu murus. Maganar ta tsaya wa Sallau a rai. Da la'asar ya shiga ɗakin Rumasa'u, ya dubi kan teburin da na'urar ke zama, sai ga bulo. Bulo sosai, na siminti, mai rami biyu.

Ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu. Ya rungumo bulon ya fito tsakar gida. "Inna, ta faru! Wallahi kallonta kawai na yi jiya!" Inna ta zube a bakin murhu. Maƙwabta suka shigo da salati, wani har ya fara cewa sai haƙuri, kowa da ranarsa. Sallau ya naɗe bulon da zanen Inna, yana shafa shi yana kiran sunan Nafi'u.

Sai ga Rumasa'u ta shigo daga shagon caji, na'urar a cikin jakarta.

"Wa ya ɗauke min bulon da zan tokare farantin sola?"

Sallau ya dubi bulo, ya dubi na'ura. Ya share hawaye ya ce, "To wannan ɗin ta wace ce? A nemi masu ita a gaya musu."

Wata rana Rumasa'u ta ce, "Yanzu da na canja mata tsari, bai kamata ta hau intanet ba, kada kamfanin da ya ƙera ta ya toshe ta daga can. Kullum a bar ta a yanayin jirgi." Kiran waya ya shigo mata, ta fita neman sabis bayan gida. Sallau ya tsaya yana lissafi. Jirgin sama sai Kano, jirgin ƙasa ya daina biyowa ta nan tun yana yaro. Saura na ruwa. Ya sa na'urar a hularsa, ya kifa a ka, ya nufi gulbi.

A can Rumasa'u ta same shi, bayan ta zaga gari ba takalmi. Yana zaune a tsakiyar kwalekwalen Sarkin Ruwa, an haye da shi an dawo, an sake hayewa, shi ko ya ƙi sauka.

"Malama, zo ki ɗauki yayanki," in ji mai fito. "Wai hularsa ce ke son yanayin."

Garin saukowa santsi ya kwashe shi, ya faɗa ruwa har wuya. Amma hannayensa biyu suna sama, sun damƙe hular, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Rumasa'u ta karɓa. Suka kama hanya, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Da suka kusa gida ya ce a hankali, "Ai ba zan bari ya nutse ba." Ta haɗiye faɗan da ta shirya.

Wata rana ta zare katin memorin ta ajiye a faranti. "Akwai tarkace a cikinsa. Sai an wanke shi kafin a fara kwafa." Ta shiga sallar azahar. Ta sallame ke nan ta ji ƙamshin sabulu. Sallau ya jiƙa katin a ruwan omo, ya dirje shi da soson ƙarfe har 'yan layukan zinaren da ke jikinsa sun fita, ya ɗauraye, ya maƙale shi a igiyar shanya tsakanin ɗankwalin Inna da wandonsa.

"Dubi yadda yake ƙyalli," ya ce. "Da ƙyar tsatsar nan ta fita."

Katin dai ya tafi ke nan. Allah ya sa ba a riga an zuba komai a ciki ba. Inna ta ce ko a haƙura haka nan, a riƙa jin rabin muryar. Rumasa'u ta ce ina, ba ta yi shekarun jami'a don wata 'yar na'ura ta gagare ta ba. Sallau ya ce shi ma haka.

Wata rana, ranar kasuwar garin, ta sayo sabon kati wurin wani mai baza kayan waya a kan buhu. Ta jona komai, ta fara kwafa. Wani ɗan koren layi ya fito a fuskar na'urar yana tafiya kamar hawainiya. Ana haka aka aiko daga asibitin sha-ka-tafi, kwamfutarsu ta ƙi tashi, ko za ta taimaka. Ga rana ta fara karkata, in ta faɗi sola ba zai ƙara ba da wuta ba, aikin kuma ta ƙudura yau za a gama shi. Ta dubi Sallau, ta yi dogon numfashi.

"Yaya, zo. Ka ga wannan maɓallin? Shi ne zai wanke na cikin."

"In ɗauko omo?"

"A'a! Ba ruwa, ba sabulu, ba soso. Yatsa kawai. Amma kada ka danna sai layi ya ƙare. Maimaita."

"Sai layi ya ƙare."

"Madalla."

Ta fita da sauri. Sallau ya zauna ya yi tunani. Layi ɗaya ya sani a Kwarin Ɗinya, na famfon burtsatse da ke daura da ƙofar gidansu. Ya ɗauko kujera 'yar tsugunne ya kafa a bakin ƙofa, ya ɗaga yatsa ɗaya sama a shirye, ya zuba wa jarkoki ido. In layin ya ragu har ya fara miƙewa, sai wata ta ɓullo da bokiti. In wannan ta cika, sai mai kura ya iso da jarkokinsa reras. Yatsa ya gaji, ya tallafe shi da ɗaya hannun.

Gab da magariba Rumasa'u ta dawo ta same shi a haka.

"Ka danna?"

"Layin bai ƙare ba."

Ta bi yatsansa da kallo har famfo. Ta runtse ido. "Innalillahi. Yaya Sallau, koren layin da ke jikin na'urar! Tun ɗazu ya cika!" Ta wuce fuu, ta ɗauki na'urar, yatsanta na kan maɓallin, sai Inna ta ɗaga labule.

"'Yar nan, tunda ya tare a sabon ɗakin, kunna min shi daga can in ji. Yau ban ji shi ba."

Rumasa'u ta tayar da na'urar ta hanyar kati, ta buɗe na amala. Fuskar Nafi'u ta fito rabi, sauran toka-toka. Ya ce, "Inna, yau na ci..." sai wani ƙara kamar ana yaga buhu. Ta buɗe na biyu, babu komai. Na uku, babu. Ta zare katin ta sa a kwamfuta ta gwada shi, gumi ya karyo mata. Jabu ne. A baki babba ne, a ciki ɗan mitsitsi, duk abin da aka zuba bayan ya cika bisa na farko yake hawa ya murƙushe shi. Koren layin ƙarya ya yi ta yi mata.

Da an danna maɓallin nan, da babu sauran Nafi'u, ciki da waje.

Rumasa'u ta ajiye katin gefe. Ta kashe na'urar, ta tayar da ita ta tsohon ɗaki, tana addu'a a zuci. Sai ga shi, fuska cikakkiya, yana dariya, hular nan tasa a karkace. "Wallahi ko ƙafar miyarki ba ta kama ba." Wannan karon har ƙarshe ya kai. Inna ta zauna a bakin gado, ta sa gefen zane ta rufe baki.

"Gobe zan shiga birni in sayo kati na gaske," in ji Rumasa'u. "Kuma sai na buɗe su ɗaya bayan ɗaya kin ji da kunnenki kafin a wanke komai."

Daga bakin ƙofa Sallau ya ɗaga murya cike da murna. "Rumasa'u! Saura mace ɗaya, bokitinta ya kusa cika! In zo in danna?"

Inna ta miƙe tsam. Ta tattaro bokitan gidan, da tulu, da butar alwala, da kwanon da kaza ke shan ruwa, ta jibge masa a gaba.

"Ungo, ɗan albarka," ta ce. "Je ka bi layi."