Rumfar da Ba a Ce In Gyara Ba

Ba zan taɓa mantawa da Hajjin da na yanka rumfar motata da wuƙar mai kankana ba. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni dai tun ina ƙarami a unguwar Misfala ta Makka son mota ya shiga jinina, kuma ba kowace mota ba, mai buɗaɗɗen sama, wadda ake naɗe rumfarta a baya. Da na fara aiki a wani gareji a unguwar Zahir, bayan yaƙin duniya na biyu, sai Allah ya haɗa ni da wata tsohuwar mota ƙirar Amurka da wani attajirin Jidda ya gaji da ita. Koriya ce, doguwa, tana tari kafin ta tashi. Na wanke ta da safe, na goge ta da yamma (mahaifiyata takan ce da rabin wannan kulawar nake ba kaina da na yi kyan gani). Aibinta ɗaya ne, rumfar ta mutu. Tamfol ɗin ya ruɓe, ƙarafan sun ci tsatsa, kuma wannan abu yana ci mini rai kamar giɓi a bakin budurwa.

A lokacin ina neman auren Rukayya, 'yar Ammi Isyaku, dattijon da ke saukar da alhazan ƙasar Hausa a gidansa. An kai gaisuwa, amma ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Labari ya zo mini cewa ya ce wanda ya riga ya auri ƙarfe, me zai yi da 'yar mutane? Don haka ranar da ya aiko kirana, da ƙyar na iya ɗaura maɓallin rigata. Ya ce malaminsa ya zo daga Katsina, tsoho ne, ba zai iya tafiya Mina a ƙasa ba, yana so in kai shi.

"Motarka ce kaɗai za ta yi, ya waladi," in ji shi, wato ɗana da Larabci.

Na fito ina taku ɗai-ɗai. Ashe dai dattijon ya san mota! Ban tambaye shi dalili ba, don ina ganin dalilin a bayyane yake. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne rana. Hajjin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo, yaya za a ce na gasa malamin surukina? Na kai ƙarafan wajen maƙeri, na sayo sabon tamfol mai kauri wajen masu ɗinkin tantuna, na tsaya a kansu har suka gama. Ban gaya wa kowa ba, so nake abin ya zo musu ba zato.

Ranar fita Mina na ɗauki Malam a ƙofar gida, rumfa a naɗe. Siriri ne, fari fat da furfura, cikin haraminsa, kansa a buɗe. Ya dubi sama, ya dubi motar, ya yi murmushi ya sa mini albarka. Ammi Isyaku da sauran alhazansa suka hau babbar mota suna biye da mu. Muka yi ta rarrafe cikin raƙuma da jakuna da masu tafiya a ƙasa, ga Labbaika ta ko'ina. Wajen da yanzu ya zama Aziziyya hanya ta cushe muka tsaya cak. Na leƙa madubi na ga gumi yana bin gemun Malam. Na ce to, lokaci ya yi. Na sauko, na ja rumfa a gaban jama'a har da ɗan juyi na gwaninta, na danne ƙugiyoyin da dukan ƙarfina.

Kafin in zagayo, Malam ya buɗe ƙofa ya fita. Ya kama sandarsa ya shiga sahun masu tafiya.

Na tsaya baki buɗe. Na fara zaton fitsari ne ya matsa masa, amma na ga ya wuce. Na ce ko warin sabon tamfol ne, na shiga na shinshina. Na ce ko kujera ta yi zafi, na cire rawanina na shimfiɗa. Na bi shi da gudu ina ba shi haƙuri a kan laifin da ban sani ba, na rantse zan rage gudu (mu da ko jaki ya wuce mu). Har ruwa na miƙa masa, ya karɓa ya sha, ya gode, ya ci gaba da tafiya. Alhazan da ke saman babbar mota duk sun miƙe suna kallo, wata tsohuwa tana tambaya ko direban ya zagi Malam ne.

Sai ga Ammi Isyaku ya diro, fuskarsa kamar hadari.

"Wa ya ce ka rufe?"

"Ammi, rana ce..."

"Ranar muke nema! Da inuwa nake so, motoci nawa ne a Makka?"

Wallahi a nan kaina ya ƙara kullewa. Malam ne ya ji tausayina ya dawo. Cikin sanyin murya ya ce a karatun da ya gada, namiji mai harami ba ya zama ƙarƙashin inuwar da ke tafiya tare da shi a kan abin hawa. Inuwar bango ko ta tanti babu laifi. Ya ce ya san wasu malamai sun sauƙaƙa, amma shi ya taho daga nesa, ba ya son Hajjinsa da tantama. Ni da aka haifa ina jin kiran sallar Harami daga kan gadona, sai a ranar na fara jin wannan.

Na ruga in naɗe rumfa, ta ce ba ta san zancen ba. Sabon tamfol ya ɗame, ƙugiyoyin da na danne sun cije. Na ja, na doka, na roƙe ta. Hanya ta buɗe, na baya suna ta ham, wani direba yana ihu yalla, yalla. Ga tsoho tsaye ya dogara da sandarsa, ga Ammi ya harɗe hannu yana kallona. Na hango mai kankana a gefen hanya, na ari wuƙarsa. Na rufe ido na tsaga tamfol ɗin daga gaba har baya, na yaye shi na jefa a ƙarƙashin kujera. Ƙarar yagewar nan har cikin haƙorana na ji ta, kuma ba zan ɓoye ba, na yi hawaye. Haka muka shiga Mina, Malam yana zaune ƙarƙashin ƙarafa tsirara yana Labbaika, rana tana dukanmu yadda yake so.

Na riga na cire rai da Rukayya. Bayan Salla sai ga manzo, wai in turo manyana. Daga baya na ji Malam ne ya sa baki. Wai cewa ya yi, "Yaron nan karatunsa kaɗan ne, amma bai tsaya shawara da wuƙa ba. Ka ba shi."

Motar tana nan har yau, jikokina suna mata dariya. Abin da na koya kuwa, idan babba ya ce kai kaɗai za ka iya, kada ka yi saurin kumbura. Ka tambaya tukuna, don wataƙila lalacewarka ce ta yi masa daidai.