Ranar da Kajina Suka Bugu

Isa maƙwabcina ne ya cuce ni. Ya ce dusar da masu dafa giyar bilbil ke zubarwa a unguwar Abena tana sa kajin gidan gona ƙiba, bai ce a shanya ta ba. Ni kuwa gwanin kiwo, na juye musu ita jiƙe, ana gobe Sallah.

Kafin la'asar suna tangaɗi, suna faɗawa kwanon ruwa. Liman ya leƙo ya ce, "Malam, a bari su wartsake kafin yanka." Masu sayen kajin Sallah da suka taru suka watse. Har yau Mai Mashaya ake kirana a unguwarmu ta Digel.

A ranar na tare Isa yana ta dariya na ce, "Dariya kake? To zo ka kwashe su, kai za ka kai su tuba."