Gaisuwar Surukai Bisa Mobilet

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Safo ba, kuma ko na so in manta, mutanen Safo ba za su bar ni ba. A shekarun casa'in ne, ina saurayi, ina sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe a bakin hanya nan Madarunfa. Ina da wata tsohuwar mobilet shuɗiya, irin ƙaramin babur ɗin nan mai feda, da nake ji da ita kamar me. Ni dai ba bakanike ba ne, amma mutumin da ya wuni yana zuba wa babura mai yana sauraron ƙorafin masu su, a hankali sai ya fara jin kansa wani abu. Na iya kwance buji, wato fulogi, in kankare shi, na iya hura karburata da baki, shi ke nan na ɗauka babu abin da ya rage mini a ilimin inji.

Yarinyar da nake nema sunanta Ramatu. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, saura mahaifinta Malam Haruna, dattijon da ba ya dariya sai da dalili. An kai masa labari wai ina da rawar kai (wanda ya kai labarin bai yi ƙarya ba, amma har yau ban yafe masa ba), sai ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ba sai ya gan ni da idonsa. Aka sa rana bayan girbi. Baba Sani, ƙanen mahaifina, ya riga ni tafiya a amalanke tun da sassafe, bayan ya ja mini kunne.

"Ka kashe abin ga tun daga nesa, ka turo ta da hannu," in ji shi. "Ka tuɓe takalma, ka durƙusa. In ba a tambai ka ba, kak ka ce komi."

Na yi wanka, na sa farar shaddata, na cika tanki taf. Ina murɗa hannun ba da wuta sai na ji ƙas, wayar ta tsinke. Mai hankali garaji zai tura ta, ko ya ari keke. Ni kuwa sai na tsuguna na ƙura wa mobilet ido, na hango wata waya da a ganina ba ta aikin komai, wato ta ɗan hannun nan da ake matsewa in za a kashe inji. Na zare ta na ɗaura a madadin wadda ta tsinke. Ta ɗan gaza tsawo, na ja ta da ƙarfin tsiya har ta kai. Da yake hannuna ya riga ya ɓaci, sai na ƙara murɗa ɗan kusan karburata don muryarta ta fito sosai a gaban mutane.

Na ɗaga ta bisa ƙafarta, na taka feda, ta ɗauka da wani ruri da ban taɓa jin ta yi ba. Wallahi daɗi ya kama ni. Na sauke ta, ta fizge ni muka kama hanya.

Tafiyar nan ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Rairayin da kullum sai na sauka na tura, ranar ratsa shi ta yi kamar ba ta gan shi ba. Masu ɗaurin dami a gonaki suna ɗago kai, ina ɗaga musu hannu. Kafin in hango Safo har na gama shawarar barin kwalabe in buɗe garaji.

Daga nesa na hango dattawa a kan tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi da ke ƙofar gidan, Malam Haruna a tsakiya, Baba Sani a gefensa. Na saki wuta, gudu bai ragu ba, domin wayar da na ja ta riƙe shi a buɗe. Na matse hannun kashewa, na ji shi sakwaf, sai a lokacin na tuna inda wayarsa take. Birkin gaba dama ya daɗe da rasuwa, na baya kuma sai an lallashe shi. Na danne shi iya ƙarfina, ya ɗan rage mini gudun kawai.

Haka na wuce ta gaban surukina a zaune bisa inji, ina watsa masa ƙura. Abin da ya zo bakina shi ne, "Ina kwananku!"

Na kewaya bishiyar na dawo. Baba Sani ya miƙe tsaye.

"Kai! Tsaya mana! Mi ka samun ka?"

"Ta ƙiya, Baba!"

"Wa ya ƙiya?"

Kafin in ba shi amsa na sake wucewa. Kaji suka watse, jakin amalanke ya fara kuka. Ga makullin mai nan kusa da ƙafata, da na rufe shi da magana ta ƙare, amma ni da nake cin abinci da esansi ko kusa bai faɗo mini a rai ba. Abin da ya dame ni ɗaya ne, cewa ina ta wucewa gaban mahaifin Ramatu da takalmi a ƙafa. Don haka da na sake zagayowa daidai tabarmar, sai na girgiza ƙafar dama, na girgiza ta hagu, takalman suka zube a gabansu. Na sunkuyar da kai har bisa kan mobilet, wai ni nan na durƙusa, na ce, "Mun same ku lahiya?"

Wani tsoho ya amsa, "Lahiya lau," don dai ba a barin gaisuwa a ƙasa.

Daga nan dabara ta zo mini in cire hular buji. Na miƙa hannu na cafke ta, wuta ta ja ni har cikin haƙora. Na kurma ihu, na saki kan mobilet, muka nufi zanan gidan muka ratsa shi. Da na buɗe ido ina kwance a tsakar gida, inji ya mutu, ga mahaifiyar Ramatu da Ramatu da sauran matan da suke leƙe ta jikin zanan suna tsaye a kaina. Na rasa abin yi, sai na yi musu sallama daga kwance.

Aka fito da ni, aka zaunar da ni a bakin tabarma. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai ciwo. Malam Haruna bai tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Muka dawo a amalanke, mobilet a ɗaure a baya. Na kwana biyu ban iya cin abinci ba, don na tabbata na rasa Ramatu, kuma da hannuna na yi.

Bayan ƴan kwanaki Baba Sani ya kira ni, ya ce saƙo ya zo daga Safo. Ya maimaita mini shi yadda aka faɗa:

"Na ga yaron. Hankali kam bai ishe shi ba. Amma wanda ad da rai hannun Allah, ya tuna ya tuɓe takalma gaban manya, wanga yana da kunya. Na ba shi. Hankalin kuwa, Ramatu na da na mutum biyu, sai ta ɗan sam mashi."

Har yau tana sam mini, kaɗan-kaɗan, yadda ba zan lalace ba. Ni kuma tun daga ranar, ko rediyo aka miƙo mini, ba na kunnawa sai na tambayi ta inda ake kashe shi.