Layi Mai Tafiyar Tsofaffi

"Lafiya lau, sai dai gwiwa," in ji Kaka daga kujerarsa ta bakin taga, wadda ko kyanwar gidan ba ya bari ta hau. "Ke kuma amarya, wa ya taɓa min ke kika shigo da fuska a murtuke?"

Jikar tasa ta ajiye kwamfuta a kan tebur. Aikinta koyar da sababbin masu cinikin hannun jari ta intanet. Jiya shugabarta ta dawo mata da bidiyon darasinta, ta ce babu wanda ya gane komai, in na yau ma ya fito haka wani za a ba ajin. Shi ya sa ta nemo wanda ya fi kowa rashin sanin harkar.

"Gwaji na zo yi da kai, angona. In ka gane, jariri ma zai gane."

"Ga rashin kunya, ga neman taimako. Juyo da ita."

Ta juyo masa allon. Layuka ne ja da kore da shuɗi, sun nannaɗe juna.

"Wa ya ba kyanwa zare?"

"Ma'aunai ne. Kowanne da abin da yake nunawa."

"To ina farashin?"

Ita kanta sai da ta matso da ido kafin ta gano shi a ƙarƙashin tarkacen. Ta shiga goge layukan har saura biyu: ɗaya mai tsalle-tsalle, ɗaya mai tafiya a natse.

"Mai tsallen shi ne farashin kullum. Wannan kuma matsakaici ne, ana lissafa shi ta hanyar..."

"Tashe ni in kin gama."

Ta harare shi. Can sai ta gyara zama.

"Bari in yi maka da yarenka. Mai tsallen nan halinka ne. Shekaranjiya ka raba wa yara alewa, jiya ka zagi mai aski, yau kana gaba da gwiwarka."

"Mai askin yankana ya yi."

"Kan da babu gashi, me zai samu in ba fata ba? Wanda ya gan ka rana ɗaya ruɗewa zai yi. Amma in aka tara kwanakin baya aka raba daidai, kullum a ƙara na yau a zubar da mafi daɗewa, sai inda ka dosa ya fito. Shi ne mai natsuwar."

"Ina na dosa?"

"Ƙasa. Tun bara kake gangarawa."

"Tun da kika fara dafa min shayi ke nan." Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa. "In mai tsallen ya haura samansa fa?"

"Alama ce ka fara gyaruwa. Alama kawai, ba alkawari ba."

"Ya san gobe?"

"Bai sani ba. Abin da ya wuce yake tunawa, kuma kullum a makare yake isowa."

Kaka ya yi dariya har da tari. "Ashe tsoho ne ɗan'uwana. Ba ya gudu, ba ya firgita. Sai yara sun gama hayaniya ya iso ya faɗi inda aka nufa."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya gane, kuma ya faɗe shi da bakinsa. Ta zaro waya don ɗaukar sabon bidiyon, tana neman inda za ta kafa ta, ko'ina duhu-duhu.

Kaka ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar.

"Zo ki zauna nan, hasken ya fi. Na yarda, kin iya."

"Kujerar taka?"

"Aro ne, kada ki saba. Kuma in kin zo wajen gangarawar nan, ki ce wani tsoho ne a maƙwabta."