Ranar Da Mai Girma Ya Ɗaga Mini Hannu

Ranar da muka kai Tasalla makwancinta kafaɗata ta dama ta ƙage. Al'ada ce masu ɗaukar makara su riƙa karɓar juna a hanya. Ni na ƙi sakin ɓangarena har bakin kabari, don matata ce. Tun daga ranar hannun bai ƙara wuce ƙirjina ba. Hula da hagu nake sawa, littafin da ke saman kanta kuwa ya huta da ni. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne in na je kabarinta hannu ɗaya nake ɗagawa, kamar mai tsayar da ɗan kabu-kabu.

Maƙwabcina Halliru, mai safarar albasa zuwa Ƙonni, shi ya fara duba ni.

"Malam Na'Allah, wanga ba ciwon asibiti ba na. Iska ta. Mi karatun naka ya ce?"

Na ce karatuna bai ce komai ba. Ya kawo mini man shafawa daga tsallake, rubutunsa duk Faransanci. Na shafa, fata ta yi zafi, kafaɗa tana nan yadda take. Mai ɗori a Amarawa ya ce targaɗe ne, ya ja hannun har na ambaci sunan kakata. Mai kemis ya yi mini allura, ya ce in dawo in ta motsa. Ai da ta motsa da ban zo ba.

Daga ƙarshe na tafi asibiti. Aka ɗauki hoto, ƙashi lafiya lau. Likita Shafa'atu, yarinya ce sa'ar 'yata, ta ce, "Baba, ɗaga kafaɗa mu gani."

Na ce, "'Yata, malamin makaranta ne ni mai ritaya. Ɗaga kafaɗa aikin manya ne, mu ba a koya mana ba."

Ta yi dariya, ta juya hannun gaba da baya, ta tambaye ni ko ina da ciwon suga. Ta ce rigar da ke lulluɓe da gaɓar ce ta kumbura ta ɗaure. Maganinta ruwan ɗumi, da tafiya da yatsu a jikin bango kullum, da haƙuri na watanni. Akwai kuma injin gashi a ɗakin gaba, amma yana cikin leda. Ba a taɓa shi sai an ƙaddamar.

Jama'a, ku yi wa shugabanninmu adalci. Su fa sun san darajar kafaɗa. Ku dubi yadda babba yake wurga hannun babbar riga, dama, hagu, dama, tun daga buɗe taro har addu'ar tashi. Motsa jikin da likita ta ɗora mini ke nan, su kuwa tun ranar rantsuwa suke yinsa. Shi ya sa ba ka taɓa jin kafaɗar babba ta ƙage. In ma ta ƙage, jirgi ya san hanya.

Ranar ƙaddamarwa aka turo a kira mu, marasa lafiya, mu cika benci. Halliru ya raka ni. Tun hantsi muke zaune har la'asar, sannan jiniya ta iso da Mai Girma Uban Alkawura, Garkuwar Masu Jinya. Aka yanka kyalle, aka yaye leda, aka danna injin. Babu wuta. Janareton kuma an kai shi wajen lasifika, don jawabi ya fi gashi gaggawa.

Halliru ya raɗa mini, "Aradu injin ga ya hi mu lahiya. Shi ko ba a taɓa wahal da shi ba."

Sai mai gabatarwa ya nuna ni: "Ga dattijo na farko da ya amfana!" Kafin in ce uffan Mai Girma ya cafki hannuna na dama, ya cilla shi sama kamar na ɗan damben da ya yi kisa. Na ga taurari tun rana ba ta faɗi ba. Ihun da na yi, aka ɗauka kabbara ce, taro ya amsa. Masu hoto suka yi ta walƙiya. Likita ta dafe kai.

Da ya sake shi, hannun ya faɗo inda yake, ya ƙara da kumburi. Yanzu na koma bango, ni da yatsuna, muna hawa kamar ƙadangaren da ya tsufa. Injin an mayar da shi leda, ina jin sai ƙaddamarwa ta gaba.

Ban riƙe Mai Girma a zuci ba. Magana ɗaya ce na so in yi masa, 'yan rakiya suka ture ni kafin ta fito. Lokacin da hannun yake sama, so na yi in ce: ranka ya daɗe, tunda ya ɗagu, riƙe mini shi haka kaɗan, in ɗaga na hagun in yi wa Tasalla addu'a.