Na-Sani da Tanderun Ƙanwarsa

"Wuta ai ƙanwata ce," in ji Malam Na-Sani. "In na ce zauna, ta zauna."

Abokina, in ka bi diddigi, duk iliminsa na wuta mako biyu ne da ya yi a gidan burodi kafin su raka shi bakin ƙofa. Amma ko sunan jikanka ka faɗa masa, "na sani" zai ce, har sunan ya bi shi.

Ƙanwar tasa ta gaskiya kuwa mai aikin gilashi ce. Takan yanka gilasai masu launi, ta jera, ta sa a tanderun lantarki su narke su haɗe. Wata biyu ta yi tana jera wani babban faranti, yanka ɗari uku, wanda za ta kai baje koli jibi. Ranar gashi kuma ta zo daidai da ranar kai mahaifiyarsu asibiti.

"Yaya, na saita komai," ta ce, tana nuna takardar da ta manna a bango. "Awa huɗu zafi na hawa a hankali, minti goma sha biyar a ƙoli, awa goma sha biyu yana hucewa. In aka yi masa gaggawa tsagewa yake yi. Kai dai in an ɗauke wuta ka kira ni. Don Allah kada ka taɓa."

"Na sani."

Tana fita gogan ya ƙyalla ido ya hango tela maƙwabcinsu a bakin ƙofa. Ga ɗan kallo ya samu, ina zai iya haƙuri?

"Dubi tsoron mata," ya ce. "Awa goma sha shida a kan faranti ɗaya. Ni awa uku sun ishe ni."

"Malam, da ka bar mata abinta."

"Kai da allura aka san ka."

Ya danna maɓalli, lambar zafi ta fara gudu. Ba a jima ba aka ji ƙas daga ciki.

"Mene ne wannan?" in ji tela.

"Miƙa yake yi."

Sai ya yi lissafi irin nasa: abin da zafi ya tsaga, zafi zai ɗinke. Ya ƙara wuta har ɗakin ya fara warin ƙarfe. Sannan sarkin ƙwararru ya ga ya kamata ya duba aikinsa. Ya ɗaga murfi, ya zura kai kamar mai leƙa rijiya.

Hucin da ya taso bai yi masa sallama ba. Ya kwashe gira biyu da rabin gashin baki, Na-Sani ya saki murfi ya zube a kwandon shara. Da ya miƙe sai ya ga duniya dishi-dishi. Ya lalube ƙarƙashin tebur bai samu tabaraunsa ba, kuma ba lokacin nema.

"Yanzu sai hucewa," ya ce.

Ya kashe tanderu, ya tokare murfin da bulo, ya juyo masa fanka. Ƙas. Ƙas. Ƙaras. Tela ya tuna yana da ɗinki, ya sulale.

Na-Sani ya rufe murfi, ya mayar da fanka, ya wanke fuska, ya ja hula har goshi, ya zauna da jarida kamar mutumin kirki.

Da la'asar ƙanwa ta shigo, mahaifiyarsu na biye. Kallo ɗaya ƙanwa ta yi wa lambar tanderu ta gane an taɓa. Ta ɗaga murfi. Farantin wata biyu ya malale, ya manne da allon gashi, ya dare gida bakwai. Hawaye suka fara bin kumatunta, har ni mai ba ka labari na tausaya mata.

"Ina girarka?" in ji mahaifiya.

"Sabon aski ne, Mama. Wannan tanderu kuwa dama lalatacce ne. Ni ko leƙa shi ban yi ba."

Ƙanwa ta share ido, ta sa awartaki ta ɗago yanki mafi girma. A tsakiyarsa ga ƙarfen tabarau, ya nutse cikin shuɗin gilashi, yana kallon kowa.

"To, Mama," ta ce, "a yafe wa Yaya. Tabaraunsa ne ya leƙa shi kaɗai."