Janar Barnabas da Ramin Ƙarƙashin Bene

Duk tsibirin Guadalcanal babu wanda ya sha wuyar Yaƙin Duniya na Biyu kamar Barnabas Kwaimani, duk da cewa sai da aka shekara ashirin da gama yaƙin sannan aka haife shi. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Idan yana ba da labarin ruwan bama-bamai, har sunkuyawa yake yi. Mu matan kasuwa muka laƙaba masa Janar, ya karɓa hannu bibbiyu, ko da yake a ganinsa mun ɗan rage masa muƙami.

Fagen famarsa tsohon gidan gandun kwakwa ne na Vatupoa, gidan katako da aka ɗora bisa dogayen ginshiƙai. Bature mai gandu ya gina shi, ya ari ta kare da Japanawa suka sauka. Japanawa suka mai da shi asibiti, Amurkawa suka mai da shi ofis, daga bisani gara ta mai da shi abinci. Da gwamnati ta ce za ta gyara shi ta naɗa masa shugaba, mai hatimi da kujera a saman bene, Janar ya ga an zo ba shi abin da dama nasa ne. Bai jira takarda ba, ya ɗinko riga mai aljihu huɗu.

Ranar da jami'ar gwamnati Madam Hilda Tagini ta zo daga babban birni Honiara don ta zaɓi wanda za a naɗa, tare da wasu baƙi uku 'yan Ostireliya, Janar ya ciko mota da danginsa maza 'yan asalin tsibirin Malaita don su shaida. Mace ɗaya ce a dangin bai gayyata ba, Goggo Prisila, ƙanwar ubansa, kuma ita ba ta buƙatar gayya. Shekararta arba'in tana share gidan.

Janar ya tsaya a baranda, ya buɗe ƙirji, ya nuna bango da sanda.

"Ku dubi ramukan nan! Harsashi ne, goma sha bakwai. Duk lokacin da na taɓa su, sai in ji tarihi yana bin jinina."

"Gurbin ƙusar gidan sauro ne, ɗana," in ji Goggo daga bayan tsintsiya. "Ni na cire su."

"Goggo, akwai ganye a bayan gida."

"Na share."

Ya ɗauko wata hular ƙarfe mai tsatsa, ya ce ta wani kanar ɗin Japan ce, ya ɗaga ta sama da girmamawa kamar mai ɗauke da jaririn sarki. Ƙwai biyu suka gangaro suka fashe a kan takalminsa. Kazar Goggo ta daɗe da sanin amfanin tarihi. Baƙi suka ɗauki hoto. Janar ya ce haka yaƙi yake, ba ya zuwa da sallama.

Amma duk wannan share fage ne. Babban makaminsa na ƙarƙashin gidan: wani rami tsakanin ginshiƙai, inda ya ce kakansa ya ɓoye matuƙin jirgin Amurka kwana arba'in, da adda a hannu, bai runtsa ba. Sati uku yana haddace jawabin ramin, har da wurin da zai share hawaye.

"Yanzu, ranki ya daɗe, sai mu sauka inda jaruntar gidanmu take."

Madam ta jawo kujerar kaba, ta zauna a baranda, ta tuɓe takalmi.

"Ku sauka, Janar. Gwiwata ba ta hawa matakala sau biyu a rana. Katakon nan duk huji ne, zan ji ka daga nan."

Janar ya sauko shi da baƙi da dangi, ya isa bakin inuwar gidan, ya ɗaga kai. Ga tafin ƙafar Madam ta tsakanin katako, daidai saman ramin. Nan ya kafe.

To, namijin Malaita na asali ba ya shiga ƙarƙashin mace. Ko igiyar da ta shanya zanenta ba ya bi ta ƙasa. Da yawa sun saki abin nan tuntuni, ban da Janar. Bara ma shi ya tara dattawa a kan wata bazawara da ta shanya wanki a hanyarsa, ya yi jawabin awa biyu kan mutuncin kakanni. Waɗannan dattawan su ne yanzu a bayansa, sun harɗe hannu, suna kallon ƙeyarsa.

"Ranki ya daɗe," ya ɗaga murya, "iskar ƙasa ta fi daɗi."

"Ta nan ma ba laifi."

"Ana ganin teku daga can ƙarshen barandar."

"Na ga teku, Janar. A bakinsa aka haife ni. Shiga mana, baƙi na jira."

Ya ɗaga ƙafa. Kawunsa ya yi gyaran murya. Ya mayar da ƙafar. Zufa ta jiƙe aljihu huɗu. Mutumin da ya kori rundunar Japan da baki sau ɗari, ga shi yatsun ƙafa goma sun tare shi.

Goggo Prisila ta jingine tsintsiya, ta tofar da jan goron da ke bakinta.

"Matsa, Barna. Ku zo, 'ya'yana, ku kula da kanku, akwai gizo-gizo."

Ta shige da baƙi. Muryarta na fitowa tar, sama da ƙasa duk ana ji. Matuƙin jirgi dai gaskiya ne, ta ce, amma kwana uku ya yi. Uwarta ce ta riƙa kai masa rogo da ruwan kwakwa a ƙasan kwandon wanki, har aka samu kwalekwalen da ya fitar da shi. Ta nuna inda ya kankare sunansa a jikin ginshiƙi, abin da Janar bai taɓa sanin yana nan ba, don bai taɓa durƙusawa ba.

"To kakan Janar fa?" in ji Madam daga sama.

"Babana? Yana daji da aladun Bature. Ya kula da su sosai, Allah ya ji ƙansa. Ko ɗaya bai bari Japanawa sun ci ba. Shi ya cinye."

Bayan sati biyu takarda ta iso. Goggo Prisila ce shugaba, mai hatimi da kujera a saman bene. Madam kuwa mace ce mai tausayi, ba ta manta da Janar ba. Ta naɗa shi mataimaki, ta sa aka kewaye masa ofis da katako sabo fil, aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a ƙofa, a ƙasan gidan, daidai ƙarƙashin kujerar Goggo.

Wata shida ke nan yana zuwa aiki kullum, ba makara. Za ku same shi a gindin mangwaro, yana gadin ƙofar ofishinsa daga nesa.